Ta Ɗaya a Noman Albasa

Warin albasa Bube ya fara ji tun daga ƙofar ajin, har ya shinshina rigarsa ko daga fadama ya kwaso shi. Ashe ga ta nan jere a kan tebur. Yau ake rufe zangon karatu, ya bar ban ruwa ya zo jin ko ɗiyarsa Mahbuba ta iya karatu, don ya sa ta makaranta ne kada ta ƙare a lambu kamarsa.

Malama Sumayya ta kira sunan yarinyar, aka yi ta tafa mata.

"Malama, mi tac ci?" in ji Bube.

"Noman albasa a lambun makaranta, Baba. Ita taz zo ta ɗaya."

"Albasa? To karatun hwa?"

"Ai wanga ma karatu na. Barka, ta gado ka!"

Mahbuba ta rugo ta miƙa masa babbar albasar da ta noma, tana jiran yabo. Ya jujjuya ta. Ko a kasuwar Goronyo ba mai raina ta. Ya rasa godiya zai yi ko faɗa. Ya shafa kan yarinyar, ya ajiye albasar a kan benci, ya fice.