Goran Halliru

Halliru masunci ne ɗan masunci, a bakin kogin Wudil aka yanke masa cibiya, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ya riƙe fartanya yadda ake riƙe ta. Abu ɗaya ya iya a duniya: ya kifa ƙirjinsa a kan gora, ragar koma ɗaya a hannun dama, ɗaya a hannun hagu, ya bi ruwa yana tura ƙafa. Wanda bai san masunta ba sai ya zaci kwanciya ce kawai, to ba haka ba ne. Goransu ƙato ne, yana da baki a sama inda ake jefa kifin da aka kama, kuma ƙirjin mai shi ne murfin wannan baki. Fatar mutum ce ke mannewa ta hana ruwa shiga. Shi ya sa ba ka ganin masunci da riga a cikin kogi, komai sanyi.

A ƙarshen daminar 1955 abin ya soma masa. Bai faɗi ba, ba a buge shi ba, bai ɗauki wani kaya mai nauyi ba. Ya dai tashi wata safiya ya ji haƙarƙarinsa na hagu yana suka, daidai inda ƙashin ya haɗu da tsakiyar ƙirji. Kafin mako ya zagayo wurin ya tasa kamar rabin ƙwan zabuwa, da tauri, ba ja, ba ruwa. In ya yi tari sai ya dafe bango. Atishawa kuwa, Allah ya kiyaye, sai ya ga wuta. Sujada ma a karkace yake yin ta. Abin haushin, kumburin ya rasa inda zai tsiro duk faɗin jikin mutum sai daidai inda leɓen gora yake zama.

Gwadabe wanzami ya fara gwada tasa. Ya kafa ƙaho uku, ya zuƙe jini baƙi ƙirin, ya nuna wa Halliru a cikin kasko ya ce ga mugun abin nan ya fito. Bayan kwana goma kumburi na nan inda yake. Sai Gwadabe ya ce ai ƙurji ne mai zurfi da ya ƙi nuna, sakiya za a yi. Aka sa kibiya a wuta ta yi jajir, maza biyu suka danne Halliru, aka soka. Ko ɗigon mugunya bai fito ba. Gwadabe ya goge kibiyarsa, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin irin wannan ba, ya kwashe zabirarsa ya yi gaba. Maɗori a Lajawa ya lalube ƙashin da yatsa har Halliru ya ciji hularsa, sannan ya ce ba karaya, ba tsagewa, ba gocewa. Rubutu kuwa ya sha har harshensa ya yi baƙi.

Da sanyi ya shigo, matarsa Safara'u ta matsa masa ya hau mota ya tafi wani asibiti a birni. Kwana huɗu ya yi a can yana bin layi. Aka tsayar da shi jikin wani ƙarfe mai sanyi aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita, wani Bature, ya ɗaga hoton a hasken taga, ya duba, ya sake dubawa, ya yi magana, malamin asibiti ya mayar da Hausa.

"Ya ce huhunka lafiya, zuciyarka lafiya, ƙasusuwanka lafiya. Ba ka da komai."

Halliru ya ɗaga riga ya nuna kumburin. "To wannan fa, Malam?"

"Ya gani. Ya ce akan yi haka, wani ya tafi da kansa, wani ya daɗe. Ka sha wannan ƙwaya, ka huta."

"Sunan ciwon fa?"

Malamin ya riga ya kira na bayansa.

Wannan magana ta "ba ka da komai" ita ta ƙarasa shi, in gaya muku gaskiya. Da ya dawo Wudil mutane suka yi ta zuwa barka, ana cewa an auna arziki. Daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa yaya jiki. Mutum ne da Bature da kansa ya duba cikinsa ya ce lafiya lau, to me ya zaunar da shi a ƙofar gida yana kallon masu wucewa? Wasu suka ce ruwa ne ya tsorata shi, ya ga wani abu a ƙasa ya ƙi faɗa. Wasu suka ce zuciyarsa ce ta mutu, yana da shekara talatin da huɗu. Yana jin su. Da a ce kuturta ce ko tarin fuka, da ya san abin da zai ce wa mutane, da su ma sun san irin kallon da za su yi masa.

Safara'u ba ta taɓa cewa ƙarya yake ba, don ita take jin numfashinsa in ya juya. Amma ita ma tana da nata. Shekara goma sha biyu tana suyar kifin mijinta ranar kasuwar Juma'a, yanzu sai ta bi matan wasu su rage mata na nasu mazajen. Ba ta taɓa yi masa gori a kai ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da bazara ta matso, ruwa ya ja ya bar gurabe, Sarkin Ruwa Babba ya sa ranar buɗe babban gurbi. Ƙanin uban Halliru ne, tsoho mai ƙarancin magana. A wannan gurbin kowane gidan masunta yana da mashigarsa, kuma ta gidan su Halliru tana gindin wani tsohon baure inda kifi ke taruwa. Mashigar da aka buɗe gurbi ba mai ita a ciki, ta zama ta wani gidan. Sarkin Ruwa ya zo da kansa ya tsaya a zaure.

"Halliru, jibi ne. Ba ni da ikon riƙe maka wuri kana zaune. In za ka iya, ka shiga. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu, ni da kai."

"Zan shiga, Baba."

Da tsohon ya tafi, Halliru ya sauko da goran daga rataye, ya ajiye a tsakar gida, ya kifa a kai don ya gwada. Ko ƙirga uku bai yi ba ya mirgina ƙasa yana cizon hannu. Safara'u tana bakin murhu tana kallo. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon zanenta, ta yage shi, ta murɗa ta naɗe ta yi gammo, irin wanda take ɗora tulu a kai.

"Malam, tulu ma da nauyinsa ba ya cin kai in da wannan. Bari mu sa kumburin a tsakiyar ramin, ka ga ba abin da zai taɓa shi."

Ta ɗora masa, ta ɗaure da sauran ƙyallen ta baya. Ya sake kifawa a hankali, yana jiran sukar. Shiru. Ya saki nauyinsa duka, ya ɗaga ƙafa, ya wuntsila hannu kamar yana cikin ruwa. Sai ga Halliru yana dariya, abin da rabon gidan da shi tun kaka. Safara'u ta rufe baki da hannu tana hawaye.

To, ita ba ta taɓa hawa gora ba, ba ta da laifi ko kaɗan. Shi kuwa ya sani sarai cewa tsumma ba ya rufe bakin gora. Tun yana ɗan shekara bakwai ubansa ya mare shi a kan haka. Amma ya ce wa ransa ai zai danne da ciki, zai bi a hankali, ba zai je tsakiya ba. Wata bakwai yana neman abu ɗaya da zai yarda da shi, ga shi ya samu, bai da ƙarfin da zai duba shi da kyau.

Ranar buɗe gurbi da hantsi gari ya fito kaf. Mata da ƙorai a kan yashi, masu saye sun zo har daga Dagumawa, masunta sun jeru ƙirji a waje, kowa da goransa a gabansa. Halliru kaɗai ke da ɗauri. Haladu, ɗan gwaggonsa kuma abokin wasansa, ya hango shi ya kwashe da dariya.

"A'a, Halliru, goyo ka zo da shi? Ai ta baya ake yi."

Aka yi dariya, shi ma ya taya su. Sarkin Ruwa ya zo wucewa, ya tsaya, ya dubi ƙyallen.

"Mene ne wannan?"

"Laya ce, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya wuce ya ɗaga sandarsa, aka auka ruwa.

Kai, daɗin da Halliru ya ji a wannan ɗan lokacin ba ya faɗuwa. Sanyin ruwa a cinyoyinsa, inuwar bauren nan a bayansa, hannuwansa suna yin abin da suka saba ba tare da ya umarce su ba. Ya haɗa koma ya ɗago tarwaɗa mai kaurin damtse, ya ɗan ɗaga ƙirji ya jefa ta cikin gora. Ya ƙara da karfasa biyu. Ya manta da maganar ba zai je tsakiya ba.

Sai ya ji goran ya yi nauyi. Ya kasa kunne, ya ji ɗan kukan ruwa a ƙarƙashin ƙirjinsa, yana bin tsumman da ya jiƙe yana zuba ciki. Ya danna da ciki, gammon ya goce gefe, ƙofa ta ƙara buɗewa. Bai tsaya tunani ba, ya yi abin da kowane masunci zai yi: ya fizge ɗaurin ya jefar, ya buga ƙirjinsa tsirara a kan bakin goran da dukkan ƙarfinsa.

Leɓen ya sauka a kan kumburin. Numfashi ya ɗauke masa cak. Hannunsa na hagu ya saki koma ya yi laƙwas, goran ya mirgina ya kwankwaɗi ruwa, shi kuma ya sulale ƙasa. Mutumin da yake ƙetare kogin nan da damina yana cike, ga shi ya kasa ɗaga hannu a ruwan rani. Haladu ne ya nutsa ya kamo shi ta ƙugu, wasu biyu suka taya, aka jawo shi kan yashi kamar buhu. Ya kwanta yana aman ruwa a gaban mata da baƙi. Aka ciro goran aka kife, kifin ciki ya riga ya koma inda ya fito.

Sarkin Ruwa ya tsuguna kusa da shi. Ya sa yatsa ɗaya a kan kumburin, bai ma danna sosai ba, Halliru ya yi wata ƙara da ta sa masu dariya a baya suka yi tsit.

"Ashe haka yake," in ji tsohon. "Me aka ce sunansa?"

"Ba a ce ba, Baba."

"Ɗana, ba za ka ƙara shiga ruwan nan ba sai ka warke. Yau mutum uku suka bar sana'arsu suka bi ka ƙasa. Gobe wani ba zai fito ba."

"Yaushe zan warke ke nan, Baba?"

 Tsohon ya miƙe ya kira wani masunci daga wani gidan, gidan Ƙasimu, ya nuna masa gindin bauren da sanda, mutumin ya ja goransa ya shiga.

Halliru bai tafi gida ba, don ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Ya jingina da gangaren yashi, Safara'u ta zo ta lulluɓa masa mayafinta ta zauna nesa kaɗan, ta kasa haɗa ido da shi. Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, amma magana ma suka take yi masa. Haka suka zauna har la'asar, suna kallon wani yana cika gora a mashigar uban Halliru.

Da aka fito, aka yi abin da akan yi kowace shekara. Kowane masunci ya zaɓi kifi ɗaya ya jefa a kan tabarma, rabon waɗanda ruwa ya sallama: tsofaffin da suka daina shiga, da makafi, da matan da mazajensu suka mutu. Sarkin Ruwa yana kiran suna ana miƙawa. Ya kira Dattijo, wanda jikoki ke riƙe da shi. Ya kira Barakatu, wadda kogi ya ci mijinta shekara tara da suka wuce. Ya kira wasu huɗu. Sannan, bai ɗaga kai ba, ya ce, "Halliru."

Haladu ne ya ɗauko, tarwaɗa ce babba, da gani an zaɓa masa. Ya zo ya tsaya a gabansa, wannan karon ba wasa a bakinsa. Halliru ya dubi kifin. Zuciyarsa ta ce ya ce a kai wa mai bukata, shi bai kai nan ba tukuna. Sai ya tuna ba ko ƙwayar hatsi a gidan, ya tuna kuma bai san ranar da abin nan zai sake shi ba, in ma zai sake shi.

Ya miƙa hannun dama, don na hagun ba ya ɗaguwa, ya karɓa, ya ce, "Allah ya saka da alheri," kamar yadda ya ji Dattijo ya ce.