Fadan da Ya Ɗora Hannun Aling Tasya a Goshi

Wata takwas ke nan da Eulogio ya bi 'yan gwagwarmaya cikin duwatsun Kabite, sojojin Sifaniya na nemansa ruwa a jallo. Uwarsa, Aling Tasya, mai sayar da suman, wato alkakin shinkafa da ake naɗewa a ganye, a bakin kasuwa, ba ta zauna kuka ba. Kowace Asabar takan aika masu da kwando, sama dafaffiyar shinkafa a ganyen ayaba, ƙasa gishiri da albarushi.

Ran nan ga wani sajen Sifaniya tsaye a kan kayanta, yana narkar suman na uku, sai ga wani fada, limamin coci, tafe cikin baƙar riga. Mata suka yi caa, kowacce na kama hannunsa tana ɗorawa a goshi don neman albarka. Tafiyar kawai Tasya ta gani, ta gane shi. Wannan gwamen ƙafa ai ita ta haife shi! Wato ɗan banzan nan rigar fada ya ara ya zo karɓar kwando da kansa.

Ya iso gabanta. Maimakon ya miƙo hannu kamar kowane fada, sai wawan ya rusuna, ya kama nata ya ɗora a goshinsa, yadda ya saba tun yana yawo ba wando.

Saje ya daina tauna. "Yaushe fada ya fara neman albarkar mai talla?"

Tasya ta yi wuf ta ce, "Albarka kuma, ranka ya daɗe? Magani ne! Haka yake cire sanyin ƙashi. Kai, kai, ga yatsuna sun miƙe!" Ta harari ƙanwarta mai kifi. "Ke Iska, ba ke ce kike kukan hannu ba?"

"Wayyo hannuna!" in ji Iska, ta taho da gudu, duk ƙarni.

Kan ka ce me, tsofaffin kasuwa sun yi layi. Dukkansu sun san ɗan wane ne, wasu ma sun goya shi. Eulogio na ta gumi yana ɗora hannuwa a goshi, su kuma suna ta warkewa da ihu. Har saje ya naɗe hannun riga ya ce wuyan hannunsa ya dame shi tun damina. Shi ma aka yi masa, ya ce lallai da sauƙi.

"Fada, ga sadaka," in ji Tasya, ta tura masa kwandon.

Saura abu ɗaya, don saje bai tafi ba: dole ita ma ta nemi albarkar fada kamar kowa. Ta kama hannun ɗanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora a goshinta. Ga tabon ƙunar da ya samu a murhunta yana shekara huɗu. Daɗi da tsoro suka cika ta, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ka rame, ɗan nema," ta ce a hankali. "Na saman naka ne. Kar ka raba."