Rigunan Ɗan Mai Guga

Ku yi mini haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya. Sau uku ina yaga shafin farko. In kun ci karo da kuskure ku kau da kai, ku bi ta kan yaron, don shi ne maganar.

A gidan da ake wanki da guga, gumi ba labari ba ne. Shago a gaba, ɗakunan kwana a baya, labule ɗaya ya raba su. Tun da safe mai shagon ke jona dutsen guga biyu, ya tsaya daga shi sai singileti yana fesa wa wuyan riguna ruwa, tururi na tashi har silin. Matarsa na gefe tana ninki tana jerawa a kanta. Kowa da tsummansa na share fuska a kafaɗa. Shi ya sa da jaririnsu ɗan wata biyu ya fara jiƙa riga, ba wanda ya ɗaga kai.

"Gado ya yi," in ji uban. "Tun yanzu ya kama sana'a."

Auta, ƙanwar matar, a gidan take zaune saboda kusa da makarantarsu. Yarinya ce marar magana, in ka neme ta ka rasa to tana bayan buhunan wanki da littafi. Ita ke tsince kayan jaririn a ƙarƙashin tebur, kuma ita kaɗai ta san riga bakwai yake canzawa a wuni. A wani gida da tuni an lura, don da rigunan sun ƙare. A nan kuwa kafin ɗaya ta jiƙe an goge uku.

Ranar da hankalinta ya tashi, an ɗauke wuta tun asuba, an kuma yi ruwa. Dutsen guga sanyi ƙalau, shagon har wani ɗari-ɗari yake. Yayarta ta zauna ba shi nono, Auta na kallo ta saman littafi. Bai yi minti biyu yana tsotso ba goshinsa ya tsattsafo, gumi ya gangaro ta bayan kunne. Ya saki nonon yana haki, ya sake kamawa, ya sake saki. Auta ta miƙa hannu ta taɓa goshin. Ba zafi. Gumin sanyi ne.

A ɗakin karatu na makaranta ta samo littafin kula da jarirai. Ya ce yawancin gumin jariri zafi ne ko yawan kaya, ba abin damuwa ba ne. Ta ji daɗi. Sai ta ga ɗan sakin layi a ƙasa: amma in a kan nono yake yi, yana haki, ba ya ƙara nauyi, a kai shi likita ya duba zuciyarsa. Ta karanta wurin ya fi sau goma, ko zai canza.

"Yaya," ta ce da yamma suna ninki, "ba kya ganin gumin nan nasa ya yi yawa?"

"Ke ba kya yi? Dubi wuyanki."

"Nasa daban ne. A littafi an ce..."

"Ahaf! Maigida, zo ka ji, mun yi likita a gida."

Mijin ya yi dariya bai ko ɗago ba. "Malama Auta, ni ma bayana na ciwo, me littafin ya ce?"

"An ce wani lokaci zuciya ce."

Yayar ta aje rigar da ke hannunta. Ba dariya a fuskarta. "Auta, kar ki ƙara yi wa ɗana mugun baki. Kin ji ni?"

Ta ji. Kwana huɗu Auta ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta daina cin abincin kirki.

Ranar awon jaririn Auta ta ce za ta raka yayarta riƙon jaka. Yayar na da tsarinta na zuwa asibiti, ba ta saɓawa. A gida take shayar da shi, ta jira ya yi barci, ta goge shi tsaf, ta shafa masa hoda, ta sa masa riga mai kari kamar na wandon ɗan sanda. A hanya ya farka, ta raɓe bakin wani kanti ta ɗan ba shi, ta canza masa. A kan bencin jira, saura mutum biyu a kira su, ta sake canza masa.

"Yaya, ki bar masa wannan su gani mana."

"Su ga me? Rabin matan nan mu ke yi musu guga. Ɗan mai guga ya shiga gaban mutane da jiƙaƙƙiyar riga, ai sai a ce ba mu san aikinmu ba. Cusa ta a jaka."

Nas ɗin babbar mace ce, biro a bayan kunne, gajiya a ido. Ta ɗora yaron a sikeli, ta dubi kati, ta ɗan taɓe baki.

"Bai ƙaru sosai ba. Yana shan nono?"

"Sosai, Sista. Ko kaɗan ba ya barina in huta."

Gaskiya ta faɗa, Auta ta sani. Ba ya barinta ne don ba ya taɓa ƙoshi, gajiya yake ya yi barci, yunwa ta tashe shi.

"Zazzaɓi? Tari? Gudawa?"

"Babu ko ɗaya."

"To a ƙara ba shi. Ke ma ki riƙa ci. Ku dawo bayan wata guda." Ta rufe katin ta miƙo. "Wa ke bi?"

Wata guda. Yayar ta riga ta miƙe tana gyara mayafi, matar da ke bi ta riga ta sako ƙafa. Yaron na kwance a kafaɗar uwarsa, fes da shi, yana ƙamshin hoda, ba wanda zai dube shi ya ce wani abu.

Auta ba ta san lokacin da ta zuge jakar ba. Ta zaro jiƙaƙƙun rigunan nan biyu ta ɗora a kan teburin nas ɗin, a kan takardu.

"Na yau da safe ne," ta ce. "Sista, don Allah ki sa ta ba shi nono a nan. Nan akwai fanka. Ki gani da idonki."

"Auta!" Yayar ta kai hannu za ta kwashe su.

Nas ɗin ta riga ta. Ta murza rigar sama da yatsu biyu, ta dubi yarinyar. "Ke wace ce?"

"Ƙanwata ce, Sista, ki yi haƙuri. Karatu ne ya yi mata yawa."

"Zauna ki ba shi." Ta dubi ta bakin ƙofa. "Baiwar Allah, ɗan jira a waje."

Yayar ta zauna, ta watsa wa Auta hararar da ta san sauranta na gida. Yaron ya kama. Fanka na juyawa tana ƙara. Minti ɗaya, ba komai. Auta ta damƙe igiyar jaka tana roƙon Allah ya sa ita ce ta yi shirme, a yi mata dariya har ta tsufa, ta yarda.

Sai goshin ya fara ƙyalli.

Ya saki nonon. Hancinsa na buɗewa yana rufewa. Nas ɗin ta taso ta ɗage masa riga, ta ga yadda ƙasan haƙarƙarinsa ke lotsawa duk numfashi. Ta dubi agogon hannunta, leɓenta na motsi tana ƙirga.

"Kullum haka yake yi?"

"Shagonmu akwai zafi," in ji yayar a hankali.

"Nan ba shagonku ba ne, 'yar nan. Taso."

Likitan ya daɗe da abin sauraron ƙirji a jikin yaron. Ya matsar da shi hagu, ya dawo, ya lumshe ido. Auta na tsaye jikin bango tana kallo.

"Jarirai da yawa suna gumi, a rage musu kaya shi ke nan," in ji likitan. "Wannan ba shi ba ne. Ina jin wata ƙara a zuciyarsa. Tsotson nan da kike gani, a wurinsa kamar gudu ne. Zan rubuta muku takarda, yau za a ɗauki hoton zuciyar, ba gobe ba."

"Likita, mutuwa zai yi?"

"Irin wannan ana magance shi, wani da magani, wani da aiki. Ba zan ce miki komai ba sai na ga hoto. Amma gara yau da wata mai zuwa, nesa ba kusa ba. Kira mahaifinsa."

Yayar ta ciro waya ta kira shi. Ba a jima ba mijin ya faɗo ɗakin, ya sa riga a bai-bai, yana ta "Me ya faru? Ina yake?" Nas ɗin na bayani, likitan na rubutu, yayar ta rungume yaron tana kuka ba sauti.

Auta ba ta san me za a ce mata ba in an juyo, godiya ko faɗa, kuma ta ji ko wanne ne ba za ta iya ɗauka ba yanzu. Ta rataye jakar a jikin kujerar yayarta. Ƙofar a buɗe take. Ta bi jikin bango, ta ratsa ta bayan matan da ke kan benci, ta fice.