Zanen da ya zube a hannun Sahadatou

Sahadatou, mutuniyar Damagaram, ta daɗe tana yi wa wata tsohuwa Bafaranshiya, Madam Vasseur, aikin gida a Paris, ko kofi ba ta taɓa fasawa ba. Shi ya sa da Madam za ta tafi asibiti a 1986, ita ta damƙa wa mabuɗi.

A falon akwai wani tsohon zane can sama, na wata unguwa: mata da kwanduna, mai burodi a bakin ƙofa, kare na barci. Madam ta ce gadon mahaifinta ne. Kullum daga nesa Sahadatou ke ganinsa. Ran nan tsabta ta motsa mata, ta hau kujera ta sauke shi, ta goge da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ta kai ido kusa. Babu mata, babu kare. Ɗige-ɗige ne kawai, ja da shuɗi da rawaya, kamar an zubar da gero a tabarma.

Ta ɗauka tsummanta ne ya zubar da zanen. Ta lulluɓe shi da gyalenta, ba ta ƙara yarda ta dube shi ba. Abinci ya ƙi ciyuwa. Ba korar aiki ke damunta ba, a ce an ba ta amana ta ɓata.

Ta buga waya Lyon, wurin 'yarta Hassia da ke karatu can. Ranar Asabar sai ga yarinyar ta sauka daga jirgin ƙasa. Ta yaye gyalen, ta duba, ta danne dariya da ƙyar. Ta mayar da zanen bango, ta kama hannun uwar ta ja ta baya har bakin ƙofa.

"Inna, ɗaga kai."

Ga mata da kwandunansu, ga mai burodi. Karen ma ko motsi bai yi ba. Hassia ta ce haka mai zanen ya yi shi, ɗigo bayan ɗigo, sai an ja da baya yake haɗuwa. Ta ƙara da cewa ai Guillotière ce, unguwar da take haya a Lyon, ta gane wata gada da ke cikin zanen.

Sahadatou ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi hamdala, wani sanyi ya ratsa ta. Can ta harari bangon.

"Shi kuma wannan bawan Allah, mi ya hana shi jan layi kamar kowa?"

Sannan ta ce a ɗora tukunya, yunwa take ji.