Katumi da Jikar Ɓarauniyar Cokali

Shekara goma sha ɗaya Katumi tana share hawa na uku a wata jami'a da ke unguwar Aldwych a Landan, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Sai ga faranti guda, mai tsaga a baki ma, ya sa an karɓe mata katin shiga.

Ga yadda aka yi. Dokta Merrin, malamar tarihi 'yar Ostareliya, ta yi walimar sabon littafinta, ta yanko kek a faranti ta miƙa wa Katumi. Ita kuwa Katumi a zangon Kumasi aka raine ta, inda mayar da kwanon mutane wayam abin kunya ne. Ta tafi da shi gida, tana jiran ƙarshen mako ta soya masa. Kafin nan sakatariya ta cika fom: faranti ya ɓace, an ga mai shara da shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Dachung, shugaban masu shara, wanda a haife ta haife shi, ya yi ta "Mama, ki yi haƙuri," ya ce an yi suspending ɗinta sai an bincika.

Zancen aikin da sauƙi. Amma ranar Asabar a wajen suna a Croydon, tana zama ƙawarta Zarah, da labari ya riga ya kai mata, ta jawo jakarta ta ɗora a cinya. Wannan ne ya hana Katumi cin tuwo.

Litinin da safe ta bi bayan ɗalibai ta shige, faranti a ƙunshe, samirarta cike da masa. A bangon ofishin Dokta akwai zanen wata tsohuwar Baturiya mai hular leshi, wanda Katumi ke gogewa kullum. Ba ta yi boko ba, amma kunne ba ya neman satifiket. Tana sharar baranda ta ji labarin ya fi sau ashirin. Hanna ce, kakar kakannin Dokta. Cokula shida ta sata a nan Landan, aka yanke mata shekara bakwai, aka loda ta a jirgin ruwa da ɗaruruwan irinta. Wata takwas a teku, aka sauke su a gaɓar da ko rumfa babu. Suka sha bulala, suka sha yunwa, suka buga tubali. Da wa'adi ya cika aka yanka mata fili a ƙasar mutanen da ba wanda ya tambaye su, ta buɗe gidan burodi. Wannan kurkukun shi ne birnin Sidni yau, har da layi mai sunanta.

Katumi ta dire farantin a tebur.

"Dokta, an ce ni ɓarauniya ce. Na yarda. To a yi mini irin na kakarki: jirgi, fili, layi da sunana. Ita cokali shida, ni faranti sukutum, filina ya fi nata girma."

Dokta Merrin ba ta ma san da zancen fom ba. Fuskarta ta koma kamar gauta ja, ta ce ai kyauta ce ta ba ta, kuma Hanna yunwa ce ta sa ta. Katumi ta ce ita ko yunwar ba ta ji ba, tarbiyya ce ta kai ta. Aka kira Dachung da sakatariya. Suka ce za a aiko mata imel na ban haƙuri. Katumi ta ce Zarah ba ta ganin imel. Takarda take so da manyan baƙaƙe, a manna ta a bango daidai kafaɗar Hanna, Dokta ta tsaya kusa a ɗauki hoto a tura wa matan zango.

Haka aka yi. Dachung ya miƙo kati da hannu biyu, ɗaya idon yana kan masa.

Katumi ta rataya katinta, ta tura samirar gaban Dokta.

"Ki ci, ki wanke, ki zuba wani abu a ciki, haka ake yi. Kwana uku na ba ki. In ba ta dawo ba, ba zan cika fom ba. Na san jinin gidanku."