Faci Mai Kusurwa Huɗu

Masu baburan haya da ke tsayawa a mahaɗar suna cewa Mai Faci ba ya bukatar bahon ruwa. Wai ya hura tiyub, ya kara shi a kunne, ya juya a hankali, kafin ka gama gaisawa da mutane ya dangwala yawu a kan hujin. Mai shayin da ke gefensa kuwa cewa yake shekara ashirin suna maƙwabtaka, maganar da ya ji daga bakinsa ba za ta cika kofi ba. Matan layin sun ce ba haka yake ba lokacin da matarsa ke raye. 'Ya'yansa biyu, aure ya ɗauke ɗaya, aiki ya ɗauke ɗaya.

Mutum ɗaya ne ke zama a bencin rumfarsa ba don taya ba, shi ne ƙanensa, masinja a wani ofis, wanda har yau da furfurarsa yake kira Auta. Kullum aka tashi aiki sai Auta ya jingine baburinsa ya zauna, ya yi ta zuba labarin ofis, yayan yana goge roba yana cewa “Uhm.”

Sai tayar bayan baburin Auta ta fara rage iska. Ran Litinin Mai Faci ya gano huji ƙarami kamar bakin allura, ya liƙe. Ran Laraba ta sake sacewa, ya sake liƙewa. Ran Asabar Auta ya iso yana tura babur, gumi ya jiƙa masa riga.

Mai Faci ya kwance ƙafar baburin, ya zaro tiyub, sai hannunsa ya tsaya. Shi facinsa kewayayye yake yankawa, ya sassaƙe bakinsa. Ga nasa biyu nan, ga kuma wani na uku mai kusurwa huɗu, gam ya malalo gefensa.

“Wannan aikin wa?”

“Jiya ce ta sace mini a ƙofar ofis, Yaya, ga takardu a hannuna. A kaina zan ɗauko baburin in kawo maka?”

“To ka koma wurin mai kusurwa huɗun. Shi ya ɓata, shi zai gyara.”

Masu babur uku da ke jira suka gyara zama. Ɗaya ya ce, “Yau ake yin ta, Baba ya kama kwastoma yana cin amana.” Aka yi dariya, ban da Auta.

“Kafin in je wurinsa sau biyu ta sace a hannunka,” in ji shi. “Ka kuwa shafa cikin tayar?”

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen ɓare taya ya san abin da ake fara koya ke nan: kafin ka mayar da tiyub, ka bi cikin taya da yatsu, ko abin da ya huda yana nan.

“Ni za ka koya wa?” Mai Faci ya miƙe. “Ina ɓare taya kana yawo ba wando. Ka tsufa kana kai wa yara takarda, yau kuma ka zama malamin faci?”

Auta ya dube shi, ya dubi mutanen. Ya ɗauki gangar ƙafar tsirara ya tsallaka titi, ya bar tsohuwar tayar da tiyub a ƙasa. Can ya dawo da wata taya a ɗaure, ya mayar da ƙafar da kansa, ya tafi ba sallama.

Sati uku Auta bai zauna a bencin ba. Mai Faci yakan goge shi da safe, ƙarfe biyar ya ga ya juya kujerarsa tana kallon hanyar ofis. A ɗaki ya dafa na mutum ɗaya, ya ci a tukunya, ya kunna rediyo don dai a ji murya.

Wata rana da ba ciniki ya jawo tsohuwar tayar zai yanka ta. Ya sa hannu ya bi cikinta, kewaye ɗaya, kewaye biyu. Ba komai. Ya dubi yatsunsa. Sun jima da yin kanta, tun bara ma ba ya jin zafin kofin shayi da su, bai dai faɗa wa kowa ba. Ya ɗauko auduga daga akwatinsa ya bi cikin tayar da ita. Kafin rabi audugar ta maƙale. Ya kai tayar rana, ya matse wurin, sai ga tsinin waya siririya kamar gashi ya leƙo. Da filaya ya zaro ta, ya naɗe a takarda ya sa aljihu, ya daɗe zaune.

“Na ga ƙanenka jiya,” in ji mai shayi ba tare da ya juyo ba. “Tayar da suka ɗaura masa ta gaba ce aka sa a baya. Yana shan kwana tana rawa kamar kwatangwalo.”

Washegari Mai Faci bai buɗe rumfa ba. Ya shiga shagon tayoyi, inda warin sabuwar roba ke hawa kai.

“A'a, Baba da kansa!” in ji mai shagon. “Ga wannan, ita ake yayi, dubi ƙyalli.”

“Ai mai ne ka shafa mata.” Ya juya ta ya karanta lambar shekara a gefenta. “Ta fi jikata tsufa. Kawo mai lamba uku da sha takwas, ta baya.”

Ya ƙi tayoyi huɗu. Ta biyar ya danna da babban yatsa, ya tuna yatsan ba ya gaya masa gaskiya, sai ya miƙa wa mai shagon. “Danna ka faɗa mini tsakani da Allah.” Mai shagon ya daina wasa, ya danna, ya ce tana da nama. Zanenta mai zurfi ne, na ɗaukar nauyi. Ya haɗa da sabon tiyub, ya rataya ta a kafaɗa, ya tafi a ƙasa.

Matar Auta ce ta buɗe ƙofa. “Lale, Yaya! Yau da wa muka tashi?” Ta shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Ya nufi baburin da ke jingine a tsakar gida, ya durƙusa ya fara kwance ƙafar baya.

Auta ya fito, ya tsaya a bakin ɗaki. “Ban ce ina neman taya ba.”

Mai Faci bai ɗago ba. Ya cire ta gaban da aka sa a baya, ya duba kibiyar da ke jikin sabuwar ya daidaita ta, ya ɗaura, ya ba ta iska da famfon hannu. Da ya gama ya ciro takardar, ya warware, ya miƙa. Auta ya karɓa ya kai kusa da ido.

“A cikin tsohuwar take,” in ji Mai Faci.

“Na gani.”

“Wannan tayar za ta yi maka shekara biyu.”

“Ita ma na gani.” Auta bai motsa daga bakin ƙofar ba. Matarsa ta ɗauki butar da ba ta bukatar ɗauka ta shige kicin.

Mai Faci ya tattara ƙarafansa, ya sa a jaka, ya kai har zaure. Can ya tsaya, bayansa ga ƙanensa. Sannan ya ajiye jakar ya juyo.

“Na shafa, ban ji ta ba. Yatsun nan sun daina ji, na ɓoye. Gaskiya ka faɗa, ni kuma na ci mutuncinka a gaban mutane, na zagi aikin da kake ci da iyalinka.” Ya haɗiye yawu. “Ban kyauta ba, Auta. Ka yafe mini.”