Gambar Iyaka

Shekarar da aka kawo mana tarakta, tutar ƙasa ma ba ta daɗe da hawa sama ba. 'Yar ƙarama ce ja, tsawonta bai fi amalanken shanu ba, aka ce ƙauyukan Sae Sabuwa su riƙa karɓa-karɓa. Injin sassabe da ake ɗaura mata a baya kuwa, mai wuƙa tana juyawa a ƙasa, sai an je Gidan Rumji an zaɓo.

Na'Allah aka tura, tunda shi ne sarkin noma. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihu. Ya tafi da Hashimu, ƙanen matarsa Tala, wanda gonarsa ke jingine da tasa. Layin gamba ne kawai ya raba su, kakanninsu suka dasa, kuma Na'Allah ya daɗe yana zargin layin nan yana matsowa wajensa.

Inji biyu suka tarar, babba da ƙarami. Hashimu ya zagaya su, ya gwada faɗinsu da sandarsa.

"Yaya, mu ɗau ƙaramin," in ji shi. "Wanga babban ya hi taraktar hwaɗi. Ko maraƙi ba a aza mai kayan bajimi."

Na'Allah ya dube shi ta gefen ido. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Me ya sa Hashimu ke son ƙarami? Don sassabe ya yi jinkiri, ruwa ya sauka saurar Na'Allah, gonar da ya bari ta huta, tana nan da sabara, sannan ya zo neman aronta? Ai kuwa ya ɗauki babban.

Ranar gwaji gari ya fito kallo a gonar Na'Allah. Sanda direba ya ɗaga injin, sai ƙafafun gaba na tarakta suka bar ƙasa kamar akuya na kai baki ga reshe. Ya sauke, ya kunna wuƙa, tarakta ta yi tari ta mutu. Na'Allah bai dubi inji ba, sai ya dubi Hashimu.

"Mi ka binne cikin gonag ga?" ya tambaye shi a gaban mutane.

Hashimu ya saɓa sandarsa ya tafi gida, kuma wallahi ni da ke tsaye a wurin na ji masa ciwo.

Aka aza wa tarakta buhunan yashi a gaba don kada ta sake ɗagawa, Na'Allah ya ce a bi bakin gona a fara. Tarakta na nishi, nauyi na janta gefe, sitiyari ya ƙi jin magana. Sanda yana duban inda ƙafa ke takawa, wuƙar kuwa ta zarce ƙafa da kamu mai yawa, tana cin yashi tana watsawa. Kafin a tsayar da ita ta aske gambar iyaka tas daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Iskar yamma ta zo ta rufe sauran kututturen.

Shuka ba ta jiran kowa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tala ta ce wa mijinta, "Ko ka je wurin Hashimu, ko ka shuka cikin gonar da ba ka san ta wa ce ba."

Ya je, kunya kamar ta kashe shi. Hashimu ya fito, ya bi wurin a hankali yana kafa turaku, bai ko dube shi ba. Na'Allah na biye yana ƙwafa a ciki, ya tabbata an ci masa gona da rana tsaka, ga shi babu bakin magana.

Ruwa ya sauka, aka shuka hatsi, aka mayar da babban inji aka karɓo ƙarami. Sai gamba ta tsiro daga saiwarta, kore shar, a tsohon layinta. Turakun Hashimu suna can baya da ita da taku guda cikin gonarsa shi kansa. Layi ɗaya na hatsin Na'Allah a ƙasar Hashimu yake tsaye.

Na tarar da Na'Allah a wurin da hantsi, ya daɗe yana kallo.

"Wai mi yaka nuhi da wanga?" ya tambaye ni.

Na ce ya je ya tambayi mai turakun. Bai je ba. Amma da kaka, damin da aka ɗaure daga layin nan, shi da kansa ya ɗauka a ka ya kai ƙofar Hashimu, ya ajiye, ya juyo kafin a amsa sallama.